Baƙon Farko: A Faɗa wa Ɗiya Kafin Ta Gani

A ƙauyukan kwamin ɗin Tama, kamar sauran garuruwan Adar daga Buza zuwa Madawa da Keita, ana koya wa ɗiya mace kusan komai tun kafin ta buƙace shi. Tana shekara bakwai ta san riƙon taɓarya, tana tara ta iya dama fura, ta san hanyar rijiya, ta iya goyon ƙanenta ba tare da ya zame ba. Abu guda ne ake barinta ta ci karo da shi ita kaɗai: jinin al'ada. Yarinya na zaune a kan benci a lakwal, ko tana garka wajen cirar albasa, sai ta miƙe ta ga tabo a zanenta. Ta ɗauka ciwo ne ya kama ta, ko wani laifi ta yi. Sai ta yagi tsumma ta yi shiru, ta kwana biyu cikin fargaba, kafin wata yaya ko ƙawa ta gano halin da take ciki.

Kunya ce ke kawo wannan shiru. Uwar da al'ada ta hana ta ko kiran sunan 'yar farinta, ta yaya za ta zaunar da ita ta yi mata zancen mara da ƙunzugu? Uwa na jiran kaka, kaka na zaton gwaggo ta riga ta yi, gwaggo kuma ta bar wa malamar lakwal, ita ko malama tana gaban aji mai cakuɗe da maza. Binciken da hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017, bayan ta zagaya jihohi huɗu na Nijar, wato Tawa, Maraɗi, Damagaram da Tilaberi, ya tabbatar da abin da kowace mace ta sani a gidansu: haila zance ne da ake rufewa. Kunya ado ce, amma wadda ke barin yarinya cikin tsoron jikinta tana bukatar gyara, kuma gyaran mai sauƙi ne: a faɗa mata tun da wuri.

Jiki da kansa yana ba da sanarwa. Idan yarinya ta fara ƙirgen dangi, a ƙirga shekara biyu zuwa biyu da rabi, galibi a nan ne jinin farko ke zuwa. Wata shida zuwa shekara guda kafin nan, takan ga wani farin ruwa marar wari a ɗan kamfanta. Yawancin 'yan mata na farawa tsakanin shekara 10 zuwa 15, kuma yarinyar da ba ta samun isasshen abinci takan ɗan makara. Saboda haka ranar da gwaggo ta lura ƙirjin ɗiya ya fara tasowa, ranar ce ta zama. Ba a bukatar dogon wa'azi. Ya isa ta ce: «Ɗiyata, zo ki ji. Nan gaba za ki ga jini a jikinki. Lafiya ce, ni ma ina yi, innarki ma tana yi. In kin gani ki zo wurina, ga ƙyalle na aje miki.»

Abin da za ta gani a karon farko ba lalle ne ya zama ja wur ba. Sau da yawa ɗan ɗigo ne mai ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi. Yana ɗaukar kwana 2 zuwa 7, kuma duk jinin da ke zuba a wata bai cika wuce cokalin cin abinci biyu zuwa uku ba, wato mililita 30 zuwa 40, ko da yake a ido ya fi haka yawa. A shekarun farko bai da tsayayyen lokaci: tsakanin wani zuwa da wani kan kai kwana 21 zuwa 45, wani watan ma ya tsallake, domin jiki bai riga ya daidaita sakin ƙwai ba. Wannan bayani kaɗai zai kashe rigima a gidaje da yawa, inda ake tsare yarinya da tambaya da zargi don wata ya wuce ba ta yi fashin salla ba. A gefe guda kuma dole a gaya mata gaskiyar da ta fi nauyi a baki: daga yanzu tana iya ɗaukar ciki.

Sai ciwon mara, wanda shi ne ke kwantar da 'yan mata. Dalilinsa sananne ne. Kowane wata mahaifa na yin shimfiɗa a cikinta don tarbar ciki. In cikin bai samu ba, sai ta zubar da shimfiɗar. Don ta iya zubarwa, jiki na sakin wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda ke sa mahaifa ta riƙa matsewa. In sinadarin ya yi yawa, matsewar ta yi ƙarfi, sai mara ta murɗa, baya ya riƙe, wata har da tashin zuciya, zawo ko ciwon kai. Yakan fi tsanani a rana ta farko da ta biyu, sa'an nan ya lafa. Babu iska ko sammu a ciki, kuma yarinyar da ke juyi a kan tabarma ba raki take yi ba.

Maganin farko yana cikin madafa. A zuba ruwan zafi a kwalba, a naɗe ta da zane, a ɗora a mara. Gwaje-gwajen likitoci sun nuna cewa ɗumi na rage wannan ciwo kusan kamar yadda ƙwaya ke yi. Tafiya a hankali da motsa jiki suna taimakawa, haka shayin citta. Wanka da ruwan ɗumi ba ya tsayar da jini, ba ya kuma jawo ciwo, sai ma ya sassauta jiki. In ciwon ya ƙi, ibufurofen ya fi dacewa, domin shi yana rage sinadarin da ke sa matsewar. Ana farawa da zarar ciwo ko jini ya soma, bayan an ci abinci, na kwana biyu ko uku. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ta guje shi, ta sha farasitamol. Asfirin kuwa na iya ƙara zubar jini, kuma ba a ba yara shi. Yawan da za a sha, ma'aikacin likita ne zai faɗa gwargwadon shekaru da nauyin yarinya, ba mai tallar ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa ba. Abin da ya fi ban tsoro shi ne tiramol, wanda ya riga ya lalata samari da yawa a Nijar: yarinyar da aka saba wa haɗiyarsa kowane wata an buɗe mata ƙofar jaraba da hannun iyayenta.

Zancen ƙunzugu ma yana son a fito da shi fili. Audugar kanti ba kowane gida ke iya saye kowane wata ba, kuma ƙyallen atamfa mai laushi yana aiki lafiya lau in an kula da shi: a canza duk bayan awa huɗu zuwa shida, a wanke da sabulu, a shanya a rana ya bushe ƙarau. A nan gizo ke saƙa. Tsoron kada wani ya gani, ko a ɗauke a yi wa yarinya asirin hana haihuwa, yana sa a cusa ƙyalle da danshinsa a ƙarƙashin katifa ko bayan tukunya, gobe a sake ɗaura shi. Danshi kuwa gidan ƙwayoyin cuta ne, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi. Igiya a bayan ɗaki, da siririn mayafi a lulluɓa a kai, ta raba gardama: rana ta yi aikinta, ido bai gani ba.

Kusan rabin matan Nijar da ke shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini, kuma yarinyar da ta fara haila tana asarar sinadarin ƙarfe kowane wata a daidai lokacin da jikinta ke girma. Wake, zogale, gero, hanta da nama in an samu, su ne ke mayar mata. Tumatir ko lemun tsami a abinci na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin, shayi mai kauri a kan abinci kuwa yana tare shi.

Akwai lokutan da kwalbar ruwan zafi ba ta isa ba, sai an dangana da likita. In yarinya ta cika shekara 15 ba ta fara ba. In jini ya wuce kwana 7. In tana jiƙa ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu. In ta fara sa'an nan ya ɗauke har kwana 90. In tana jiri, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari. Ko in ciwon na hana ta tashi kowane wata kuma magani bai taɓa shi. Irin wannan ciwo na ƙarshe na iya zama cutar endometiriyosis, inda tsoka mai kama da shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mace ɗaya cikin goma. Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata a warware. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantawa a zaurukan Adar, mafi tsawon hailar mai farawa kwana 15 ne. Wannan hukuncin salla da azumi ne. Yarinya mai farawa da ke zubar da jini kwana goma sha biyu tana cikin haila a wurin malami, amma a wurin likita marar lafiya ce da ke bukatar a duba ta.

Mai cewa addini ne ya hana wannan magana ya sake duba littattafansa. Ahalari da Risala duk sun yi bayanin haila dalla-dalla, kuma yara ake karantar da su. Hadisai ingantattu sun nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ci yana sha tare da Nana A'isha a kwanakin hailarta, ita kuma ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar addini ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, cikin jihar Tawa ta yau, ya soki malaman da ke tara ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin tsarki, salla da azumi ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajoji, dattijan mata masu ɗauko ilimi daga wurinta su kai wa 'yan'uwansu a ƙauyuka. Gwaggon da ta zaunar da ɗiya ta yi mata bayani, sawun waɗannan mata take bi.

Wani dalilin da ke sa yarinya ɓoye jininta ya fi kunya nauyi: ta san abin da ke iya biyo baya. A gidaje da dama, ganin jini shi ne fara lissafin gara. Binciken lafiyar al'umma na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15. Amma jinin farko alama ce cewa girma ya soma, bai kammala ba. Ƙashin ƙugu na ci gaba da buɗewa shekaru bayan haka. Doguwar naƙuda a jikin da bai ƙosa ba tana cikin abubuwan da ke kai mata cibiyar yoyon fitsari ta Danja, kusa da Maraɗi, wadda aka buɗe a 2012. Dokar gwamnati ta watan Disamba 2017 ta yi alƙawarin kare ɗiya mace da riƙe ta a makaranta har shekara 16, kuma alƙawarin ba zai cika ba muddin kwana huɗu ko biyar na kowane wata suna mayar da ita gida.

Abin da ake bukata a lakwal bai fi ƙarfin magajin gari da kwamitin iyayen yara ba: makewayin 'yan mata daban, mai ƙofa da sakata, da buta, ruwa da sabulu, malama guda da kowace ɗaliba ta san za ta iya zuwa wurinta, ɗan akwati mai ƙyalle ko auduga da zane na aro don ranar da baƙo ya zo ba sallama. Kenya ta cire haraji a kan audugar mata tun 2004, Sikotilan ta yi dokar raba ta kyauta a 2020, kuma telolin Madawa da Buza na iya ɗinka ƙunzugun da ake wankewa in an nuna musu samfuri. Shirin Illimin, wanda tun 2013 ke tara 'yan mata a ƙarƙashin jagorancin wata babbar mace, ya nuna cewa iyaye na yarda in mai koyarwar tasu ce. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram sun nuna maza ma na saurare. Uba ba sai ya yi zancen da bakinsa ba. Ya isa ya ƙara kuɗin sabulu, ya hana yayye maza tsokana, ya kuma daina tuhumar ɗiyar da ya gani tana cin abinci da rana a watan azumi.

Kafin a koma lakwal a watan Oktoba, kowane gida a Tama ya san yaran da suka fara ƙirgen dangi a wannan damina. Abin da ya rage shi ne a zaɓi wadda za ta yi maganar, ko gwaggo, ko kaka, ko yaya, ta tanadi ƙyalle huɗu masu laushi da sabulu guda, ta kira yarinyar ɗaki bayan sallar isha'i.