Jadawalin Babbar Kotu Da Mutumin Tafoki

A barandar kowace Babbar Kotu akwai allo, a jikin allon kuma akwai takardar da magatakarda ke liƙawa kafin alƙali ya zauna. Ita ce jadawalin shari'un da za a kira. A layi ɗaya za ka ga lambar ƙara, wadda a ƙarshenta ake rubuta shekarar da aka shigar da ita, sai sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, sai kuma abin da ya kawo su a ranar: ambato kawai, ko sauraron shaidu, ko ci gaba da sauraro, ko yanke hukunci. Idan shari'ar laifi ce, Jiha ce mai ƙara. Idan kuwa rikicin gona ne ko bashi ko kwangila, sunayen mutane biyu ne ke fuskantar juna. Lauyoyi sukan leƙa takardar su wuce, domin abin da suke nema bai wuce su san ko su ne na uku ko na goma sha biyu ba. Sauran jama'a kuwa, waɗanda sunayensu ne a ciki, da yawansu ba su iya karanta ta ba, saboda da Turanci aka rubuta.

Ina ganin mun raina wannan takarda fiye da kima. A cikin dukan takardun hukuma, tana cikin 'yan kaɗan da gwamnati ke ambaton talaka da sunansa, ta kuma sa masa rana. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a saurari kowa cikin adalci, a bainar jama'a, kuma cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Jadawalin nan shi ne inda wannan magana ke sauka daga littafi ta zama Litinin ko Talata. Hausawa suka ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. A nan kotu ce uwar ɗiya.

Bari mu ɗauki mutumin Tafoki, a Ƙaramar Hukumar Faskari, ko maƙwabcinsa na Sabuwa ko na Ƙanƙara. Idan maganarsa ta fi ƙarfin majistare da kotun shari'ar Musulunci ta garinsu, sai ya doshi Babbar Kotu, a Funtuwa ko Malumfashi. A taswira tafiyar ba ta da tsawo. Amma wanda ya san yankin ya san ba a auna hanyar nan da kilomita. Ana auna ta da sa'ar da za ka fita, da sa'ar da dole ka kasance ka dawo, da kuɗin motar mutum uku, domin mai ƙara ba ya zuwa shi kaɗai, shi ke ɗaukar nauyin shaidunsa har da abincinsu na rana. Ya bar gona, ya bar kasuwa, wataƙila ya sayar da tiya biyu ta masara ko ɗan akuya. Ya isa kotu da hantsi, ya zauna a benci, a kira ƙararsa, a yi magana ta minti uku da harshen da ba ya ji, lauya ya juyo ya ce masa an ɗage sai bayan wata biyu.

Shekarar 2021 ta nuna yadda abin ke taruwa a kan mutum ɗaya. Ranar 6 ga Afrilu ma'aikatan kotuna na ƙasa baki ɗaya suka shiga yajin aiki a kan 'yancin kuɗin ɓangaren shari'a, ba su janye ba sai a watan Yuni. Ba a jima ba kotuna suka tafi dogon hutunsu na shekara. A ƙarshen Agusta gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar taƙaita zirga-zirga saboda tsaro, wadda ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da ita kanta Funtuwa, ba a fara maido su ba sai a Disamba. Kowanne daga cikin matakan nan yana da hujjarsa, ba kuma shi nake tuhuma ba. Tambayata ita ce: wanda aka ɗage wa shari'a a wannan tsakani, ta wace hanya ya ji sabuwar ranar? Idan bai zo ba, aka kori ƙararsa saboda rashin halarta, ko aka soke belinsa, laifin wa za a rubuta?

Dalilan ɗagewa sanannu ne ga duk wanda ya taɓa zama a kotu. Ɗan sandan da ya yi bincike an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha. Motar gidan gyaran hali ba ta kawo wanda ake tuhuma ba. Lauya yana wata kotu a Katsina ko Kaduna, ya aiko da takarda. Shaida ya ji tsoro, kuma a yankin da ake iya bin mutum har gida da dare, tsoron nan ba ragwanci ba ne. Alƙali ya tafi taro, ko an ɗauke shi aikin kotun zaɓe na tsawon watanni. Mafi ciwo shi ne idan alƙalin ya yi ritaya ko aka ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara alhali shari'ar ta yi nisa, domin sai a faro ta daga tushe a gaban wani. An yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka a dokar tarayya ta 2015, amma a watan Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta rushe tanadin a shari'ar da ta shafi tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, wadda aka fara tun 2007. Idan shari'ar mai manyan lauyoyi ta shekara goma sha biyu sannan ta koma farko, sai mai karatu ya ƙiyasta ta manomin da lauyansa ma na taimako ne.

Duk da haka, wanda sunansa ya hau jadawali ya fi wani sa'a. Akwai waɗanda ba su hau ba sam. Kisan kai da fashi da makami manyan laifuka ne da majistare ba shi da hurumin yanke musu hukunci. Abin da aka saba shi ne 'yan sanda su kai wanda suke zargi gaban majistare, ya ba da umarnin a tsare shi, a aika fayil Ma'aikatar Shari'a domin ta ba da shawarar ko akwai hujjar gurfanar da shi a Babbar Kotu. A tsakanin ofishin 'yan sanda da teburin lauyan gwamnati ne mutane ke ɓacewa da ransu. Ƙididdigar da Hukumar Gidajen Gyaran Hali ke fitarwa ta daɗe tana nuna cewa kusan biyu cikin kowane mutum uku da ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Sashe na 35 ya ce wanda aka tsare wata biyu ba a yi masa shari'a ba a sake shi, ko da sharaɗi ne, sai dai ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Wato dai mutanen da aka fi kamawa a yankinmu su ne waɗanda wannan kariya ba ta rufe ba. A cikinsu akwai mai laifi na haƙiƙa, akwai kuma wanda aka tsinta a kasuwar Sheme domin wani ya nuna shi da yatsa. Kotu ce kaɗai za ta iya bambance su, ita kuwa ba ta ga fayil ɗinsu ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce da zarar an gurfanar da mutum a riƙa sauraro kullum, idan hakan ya gagara kada kowane ɓangare ya wuce ɗagewa biyar, kuma kada tazarar ta wuce ranakun aiki 14. Jihar Katsina ta yi tata dokar a 2021. Sashe na 294 na Kundin Tsarin Mulki ya ba alƙali kwana 90 ya yanke hukunci bayan an rufe shaida da jawaban lauyoyi. Tun kafin waɗannan ma, a wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya umarce shi ya yanka wa mai da'awar da hujjarsa ba ta kusa wa'adin da zai kawo ta. Sa wa'adi a shari'a ba baƙon abu ne a wurinmu ba.

Kuma mun ga ana iya kiyaye wa'adi idan an so. 'Yan siyasa sun gyara sashe na 285 suka sa wa ƙarar zaɓe kwana 180, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60, kotuna suna bin wannan sau da ƙafa, har alƙalai su zauna ranar Asabar. Kujerar majalisa ta Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, in an yi jayayya a kanta, tana da ranar da dole a gama. Gonar wanda ya kaɗa ƙuri'ar ba ta da ita.

Na ambaci gona da gangan, domin ƙararrakin da ba na laifi ba su ne aka fi mantawa da su idan ana maganar tsaro. Shari'ar gona tana da agogonta, wato damina. Ɗagewa ɗaya daga Mayu zuwa Oktoba ta cinye shekarar noma guda. Yanzu kuma ga mutanen da suka yi gudun hijira daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa suna komawa, wasu za su tarar iyakoki sun gushe, wasu za su tarar dattawan da suka san iyakar sun rasu, wasu an sayar da gonar gado a bayan idonsu. Waɗannan rigingimu suna tafe. Yawancinsu za su fara a gaban mai unguwa da dagaci da alƙalin gari, kuma ya fi kyau su ƙare a can. Amma waɗanda suka haura sama, idan suka tarar da layin da ba ya motsi, mai gona zai nemi wanda zai raba masa gardama a yini ɗaya. A yankin nan mun san su wane ne ke yanke hukunci a yini ɗaya, mun kuma san abin da suke karɓa.

Wannan ne ya kawo ni ga maganar da ta tayar da ƙura a watan Janairun 2026, lokacin da jaridu suka bayyana wata wasiƙa daga Ma'aikatar Shari'a ta jihar zuwa ga Babban Joji, kan sakin mutum 70 da ake tuhuma da alaƙa da 'yan bindiga, wasu a gaban majistare, wasu a gaban Babbar Kotu. Gwamnati ta kare matakin da cewa yana cikin sharuɗɗan sulhun da aka ƙulla a ƙananan hukumomi da dama, kuma sulhun ya sa an sako mutane masu yawa da aka sace. Ba zan raina wannan hujja ba. Uban da 'yarsa ta dawo gida ba zai tsaya sauraron laccar doka daga wurina ba, kuma yana da gaskiya. Sashe na 211 ma ya ba Antoni Janar na jiha ikon janye kowace ƙarar laifi kafin a yanke hukunci. Sai dai sashen ya ɗaure shi da la'akari da maslahar jama'a da adalci da hana wasa da shari'a. Abin da ya dame ni shi ne jama'a sun ji labarin ne ta takardar da ta ɓulla, ba ta allon kotu ba. Ƙarar da aka shigar a fili, a fili ya kamata ta fita: a sa ta a jadawali, a kira ta, lauyan gwamnati ya miƙe ya ce an janye, magatakarda ya rubuta. Akwai shaidun da suka saka ransu a haɗari suka zo suka yi magana a kan wasu daga cikin mutanen nan. Mafi ƙarancin haƙƙinsu shi ne a sanar da su kafin su haɗu da wanda suka ba da shaida a kansa a bakin kasuwa.

Abin da nake roƙon Babban Joji da magatakardansa ba ya buƙatar sabon gini. A fitar da jadawalin mako tun ranar Alhamis, da Turanci da Hausa. A liƙa kwafinsa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da ƙofar hakimi, Gidan Rediyon Jihar Katsina kuma ya karanta lambobin ƙararrakin kamar yadda yake karanta sanarwar ɗaurin aure. Idan an san alƙali ba zai zauna ba, a aika saƙon waya ga masu ƙara kafin su hau mota. Inda ambaton suna zai jefa shaida ko yarinyar da aka ci wa zarafi cikin haɗari, lambar ƙara ta wadatar.

Sannan a ƙara wa takardar gurbi biyu: sau nawa aka ɗage wannan ƙara, kuma wane ɓangare ne ya nemi ɗagewar ƙarshe. Indiya, wadda tarin shari'unta ya ninka namu nesa ba kusa ba, tun 2015 ta buɗe rumbun intanet da kowa zai iya shiga ya ga yawan ƙararrakin da ke jiran hukunci a kotunan gundumomi da shekarun da suka yi. Bai kawar da jinkiri ba, amma ya sa an san inda yake kwance. Na san wasu lauyoyi ba za su so gurbi na biyun ba, wasu jami'an 'yan sanda ma haka. Dalilin ke nan da ya sa nake son sa.

A ƙarshen kowane wata kuma a liƙa jadawali na biyu kusa da na farko, na waɗanda majistare ya tsare a Funtuwa da Malumfashi suna jiran shawarar Ma'aikatar Shari'a, kowane da ranar da aka kawo shi da ofishin da fayil ɗinsa yake.