Zanen Aro a Dandalin Wasan Kwaikwayo

A cikin matan da suka ɗauki tsofaffin wasannin kwaikwayo na Turai suka sake masu kama, da wuya a sami wadda aka yi gardama a kanta kamar Madam Ariane Mnouchkine, wadda ta kafa ƙungiyar Théâtre du Soleil tare da abokanta a birnin Paris a shekarar 1964.

Daga 1981 zuwa 1984 ta nuna wasanni 3 na Shakespeare. A biyu daga ciki sarakunan Ingila sun fito da shiga da tafiya irin ta ƴan wasan kabuki na Japan. Daga 1990 zuwa 1992 ta juya ga wasannin Girkawan dā, ta aro rawa da kwalliyar katakali ta kudancin Indiya. A nan ne hannunta ya fito fili. Kafin labarin sarauniya Clytemnestre da ta kashe mijinta Agamemnon, sai ta gabatar da wasan Euripide, inda sarkin ya ba da ɗiyarsu Iphigénie hadaya domin jiragen yaƙinsa su sami iska. Mai kallo ya ga laifin miji kafin ya ga fansar uwa.

Amma masu suka sun ce Turai ta saba ɗaukar kayan jama'a ba tare da sallama ba. Maganar ta yi zafi a 2018, sa'ad da ƙungiyar ta shirya wasan Kanata tare da Robert Lepage, a kan tarihin Kanada, ba ɗan asalin ƙasar na farko ko ɗaya cikin ƴan wasa. Mutanen suka koka a jarida, masu ba da kuɗi na Amurka ta Arewa suka janye, aka soke wasan. Madam Mnouchkine ta tsaya a kan cewa aikin ɗan wasa shi ne ya zama wani, aka nuna shi a Paris cikin Disamba.

Hujjarta tana da ƙarfi, amma ba ta amsa kukan ba, domin mutanen wuri suka nema a dandali, ba izinin kwaikwayo aka hana ba. Ita kanta ta san wata hanyar: a 2005 ta je Kabul ta horar da samari da ƴan mata, suka kafa ƙungiyarsu, Aftaab. Zanen aro ba ya rufe katara, balle mai zanen yana tsaye a ƙofa an hana shi shiga.