'Yar Malafa Bisa Wasali

Yau magana ce kan wata alama ƙanƙanuwa, wadda rashinta ya kusa raba ni da maƙwabcina.

Ga yadda aka yi. Wani ƙanena da ke zaune a Funtuwa ya karɓi bashin kuɗin taki wurin wani dattijo nan Ketare, ni ne na tsaya masa. Da kaka ta yi na aika masa da tuni, sai ya rubuto mini, "Kuɗin Baba na biya." Na yi hamdala, na tashi na tafi yi wa dattijo godiya. Ya dube ni ya ce ko anini bai gani ba. Magana ta yi tsawo har aka fara rantse-rantse, ni ina riƙe da takarda, shi yana riƙe da gaskiyarsa. Sai da yaron ya zo da kansa muka ji daga bakinsa, ashe nufinsa "nâ biya", watau alkawari ne ya yi, ba labari ya ba ni ba.

To, ku duba. A baki ba mai rikita waɗannan biyu. In mutum ya ce "na biya" muryarsa tana tsayawa sama, in ya ce "nâ biya" sai ta tashi sama ta gangaro. Amma a takarda kamanninsu ɗaya. Haka ka da kâ, ya da yâ, ta da tâ. Malamanmu na ajami kada su yi mana dariya, don ko su ba su tsira ba: alif yana nuna ja, amma duka biyun jansu ake yi, ba abin da ya raba su sai saukar murya.

Wannan alama da na ɗora bisa wasali, mai kama da malafa, ba ni na ƙago ta ba. Ana danganta ta da wani masani Bayunane, Aristofanis, wanda ya riƙe babban ɗakin littattafai na Iskandariyya wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa. Yunanawa suna da alamar tashin murya da ta saukarta, sai aka haɗa kawunansu wuri guda don gaɓar da murya ke hawa ta sauka. Aikin da masu nazarin Hausa ke ba ta ke nan daidai. Wanda ya buɗe ƙamus na Paul Newman na 1977 ko na 2007 zai tarar da ita bisa yâra da mânta, da kâi na jiki don a raba shi da kai na kira, da mâi na miya don a raba shi da mai gida.

Da ta shiga wasu ƙasashe sai kowa ya ba ta aikin da ya ga dama. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da suka yi karatun Faransanci sun san ta ƙwarai. A can yawanci kabarin harafi ce, tana nuna inda aka binne s. Faransawa na rubuta hôpital, alhali kakanninsu da s suke rubutawa, s ɗin nan kuwa ita ce muka gada ta hanyar Ingilishi cikin asibiti. Turkawa kuma da ita suke raba kâr, riba, da kar, ƙanƙara. Masu lissafi ma sukan ɗora ta bisa harafi don nuna kusurwa. A 1990 masanan Faransa suka yarda a sauke ta daga kan i da u a kalmomi da yawa, da aka sa haka cikin littattafan makaranta a 2016 aka yi ta hayaniya a jaridu. Amma ko su ba su taɓa ta ba inda cire ta zai rikita ma'ana, kamar du da dû.

Nan ne nake ganin dabara. Ban ce a cika takarda da alamomi kamar ƙamus ba, wannan wahala ce, Bahaushe ba ya bukatarta. Ko ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ, da suka shigo cikin shekarun 1930, har yanzu wasu akawuna ƙyuya take hana su sawa. Roƙona kan kalmomi huɗu ne kurum, nâ, kâ, yâ, tâ, musamman cikin takardar bashi, da ta alkawari, da ta shari'a. Mai alƙalami layi biyu zai ja, mai waya kuwa ya danne harafin a, za ta fito masa.

Na fara gwadawa da yaran ajina, cikin mako guda suka kama. Ina so malaman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su gwada, su rubuto wa Edita abin da suka gani. Dattijo dai ya karɓi kuɗinsa ranar Juma'ar da ta biyo, mun kuwa ci gaba da gaisawa.



Naku,
Malamin makaranta, Ketare.