CIWON DAJI NA YARA: JINKIRI YANA KISA

Mutane da yawa suna zaton ciwon daji, watau sankara, cutar manya ce kaɗai. Ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kowace shekara yara da matasa wajen 400,000 ke kamuwa da shi. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin ɗari suna warkewa, alhali kuwa a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 ba. Tsadar magani da nisan asibiti suna cikin dalilan wannan bambanci, amma akwai dalili guda da ke hannunmu, shi ne jinkiri.

Bari mu ɗauki iri ɗaya da ya yawaita a ƙasashe masu zazzaɓin cizon sauro, har da tamu. A 1958 Likita Denis Burkitt, wanda ke aiki a Kampala ta ƙasar Uganda, ya ba da bayanin wani kumburi mai kama muƙamuƙin yara ko cikinsu, har haƙora su yi girgiɗi. Daga baya aka gane zazzaɓi mai yawan komowa, da wata ƙwayar cuta da aka gano a 1964, su ke share masa hanya. Yana girma da sauri ƙwarai, cikin 'yan makonni fuskar yaro ta sake kama. Duk da haka yana jin magani sosai in an tare shi da wuri.

To, ga inda ake yin asara. Iyaye sukan ɗauka hangum ne, ko ciwon haƙori, ko sammu. A sha jiƙo, a kai wa wanzami ya yi sakiya, kafin a isa asibiti abu ya yi nisa.

Malaman makaranta, ku ke ganin yaran nan kullum. In kun ga kumburin da ke ƙaruwa, ko farin ɗigo a tsakiyar baƙin ido, ko rama da zazzaɓi da suka ƙi jin magani, ko yawan haɓo, ku kira uban yaron, ku lallashe shi ya tafi da shi wurin likita ran nan. Ku gaya masa ciwon ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba kuwa laifin kowa ba ne.

Iyaye kuma, in an fara magani lalle a kai ƙarshensa. Kumburi kan sace tun a farkon magani, sai a ɗauke yaro a koma gida, ciwon ya komo da ƙarfi. Allah ya ba yaranmu lafiya, amin.