Laifin "due to" ba na nahawu ba ne

Tun 1926, lokacin da H. W. Fowler ya wallafa ƙamusunsa na ƙa'idojin Turanci, malamai ke gargaɗin ɗalibai cewa "due to" sifa ce da ke jingina da suna, kuma idan dalilin aiki ake nufi, sai a ce "because of" ko "owing to". Manyan ƙamusoshin yau sun halatta duka, amma jan biro bai huta ba.

Ainihin cutar kuwa an kau da kai daga gare ta. Abin da ke biyo bayan "due to" suna ne kawai, babu mai aikatawa. Shi ya sa ofisoshi ke ƙaunarta. Albashi ya makara "due to logistics", an ɗage tashin jirgi "due to operational reasons". Wa ya ƙi sa hannu? Wa ya bar injin ba gyara? Shiru. Masu fassarar labarai kuma su mayar da ita "sakamakon wasu dalilai", Hausa ta gaji rufa-rufar.

"Because" cikakkiyar jimla take nema, inda ɓoye mai laifi ya fi wuya. Duk editan da irin wannan sanarwa ta zo teburinsa, hakkinsa ne ya tambaya: sakacin wa?