Tsofaffin Kwamfutocin Gaya Da Ajingi: A Jefar Ko A Sake Musu Manhaja?

Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, watau babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfutoci masu yawa cikin ofisoshinmu da makarantunmu. Kwamfutar da ke ɗauke da ita ba ta mutu ba, za ta tashi ta yi aiki kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne gyaran da kamfanin ke aikowa kowane wata domin toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke shigowa. An buɗe hanyar ƙarin wa'adi, amma wa'adi ne mai iyaka, ofisoshi kuwa sai sun biya.

Magajiyarta Windows 11 ba ta karɓar yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018. Kowa kuwa ya san irin wadda malamin makaranta a Gaya ko akawun ƙaramar hukuma a Ajingi zai iya saye: ta hannu ce, wadda ta gama aikinta a Turai, aka sayo ta a Titin Beirut cikin Kano. Ke nan ko dai a ci gaba da ajiye jerin albashi da sakamakon jarrabawar yara cikin ɗakin da ba a gyara makullinsa, ko a sayi sabuwa da kuɗin da babu, ko kuwa a sake mata manhaja. Wannan ta ukun mu ke so masu karatu su duba.

Sunanta Linux. Wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, ya bar tsarin gininta a fili domin kowane masani ya duba, ya gyara, ya raba wa wanda ya so. Ba a sayenta, kwafarta kuma ba sata ba ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ofishin hukuma, gama ba asiri ba ne cewa Windows da yawa da a ke zuba wa mutane a kasuwa ba su da lasisi. Irinta suna da yawa. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004, akwai Linux Mint, wadda fuskarta ta yi kama da wadda akawu ya saba, akwai kuma marasa nauyi da aka yi musamman domin tsofaffin injuna. Mai wayar Android ma, ko bai sani ba, a kan tushen Linux ya ke aiki kullum.

To, me sabon shiga zai tarar a makon farko? Zai iya gwada ta daga filash ba tare da ya goge kome ba. Zai ga kwamfutar da ke jan ƙafa ta ɗan sami kuzari. Zai sami LibreOffice a madadin Word da Excel, ya rubuta wasiƙa, ya yi lissafin maki, ya kuma buga ƙ da ɗ da ɓ in ya zaɓi allon rubutun Hausa. Sa'an nan sai ya ci karo da abin da masu yabon ba su cika faɗa ba. Takardar da aka aiko daga ma'aikata a Kano wani lokaci layukanta kan goce. Wata injin buga takardu za ta yi aiki nan take, wata kuwa sai an sha fama. CorelDRAW, wadda masu shagon buga katin biki ke ci da ita, ba a yi ta domin Linux ba. Mafi wuya duka, in abu ya cije, mai gyaran da ke kusa Windows ya koya, maganinsa kuwa guda ne, ya goge ya mayar da abin da ya sani.

Ƙasar nan ta taɓa gwadawa. A 2007 an yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 na kamfanin Intel domin makarantun Nijeriya, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa, har aka yi ta-ka-ce-na-ce da Microsoft a kan wace manhaja za ta zauna cikinsu. Birnin Munich na Jamus ya ƙudurta komawa Linux a 2003, ya mayar da kwamfutoci wajen 15,000, amma a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows. Jihar Kerala ta Indiya kuwa ta zaunar da makarantun gwamnati a kan Linux fiye da shekara goma sha biyar, domin ta horar da malamanta su iya riƙe abin da kansu. Wannan ita ce ta fi kama da halinmu, ita ya kamata a yi nazari.

Labarin gargajiya ya ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga Gaya suka tashi neman tama. Mutanen da suka gaji ƙira ba sai an bayyana musu amfanin kayan aikin da mutum zai iya kwancewa ya ɗaura da hannunsa ba. Amma ba a zama maƙeri rana ɗaya. A ganinmu, kada wani shugaban ma'aikata ya ba da umurni a juye ofis duka lokaci guda. A fara da ɗakin kwamfuta na makarantar sakandare, inda abin da yaro ke bukata shi ne ya saba da allon rubutu kafin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta a ke yinta. A bar wa ma'aji Windows ɗinsa muddin manhajar albashi ba ta aiki sai da ita, a kuma kwafe takardu a ajiye gefe kafin a taɓa kowace na'ura. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana Wudil, maƙwabciyar Gaya. In ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu, waɗanda dokar 2024 ta haɗa cikin masarauta ɗaya, suka yi karo-karo suka tura malamai biyu biyu can lokacin hutu, kuɗin ba zai kai na sababbin kwamfutoci na makaranta guda ba.