Gulma ta fi kotun da aka kulle

Na gaji da wa'azin masu cewa mu kama bakinmu. Duk lokacin da ƙishin-ƙishin ya tashi a kan wani babba, mawaƙi ne, malamin talabijin ne ko mai kaki, sai su ce: ina hujja? A kai kotu mana! To wace kotun?

Na zauna a Khartum zamanin Umar al-Bashir. A kan kujerun mata masu shayi na bakin Nilu babu sunan da ba a kira, amma a hankali, ana waige-waige. Da farko na ɗauka tsegumi ne irin na majalisar unguwa. Daga baya na gane dalili.

A Fabrairun 2011, Safiya Ishaq, matashiya mai zane kuma 'yar ƙungiyar Girifna, ba ta yi raɗa ba. Ta fito a bidiyo da fuskarta, ta ce jami'an tsaron farin kaya sun ɗauke ta a Khartum sun yi mata fyaɗe. Hukuma ta musanta. Dokar tsaron ƙasa ta 2010 kuwa ta riga ta ɗinka wa jami'an rigar kariya: ba a gurfanar da su sai shugabansu ya yarda. Wato ɓarawo ne riƙe da makullin kotu.

Ku san wa aka hukunta? 'Yan jaridar da suka nemi a bincika. A Yulin shekarar aka yanke wa Fatima Ghazali, sannan Amal Habbani, tarar fam 2,000 ko wata guda a kurkuku. Suka ƙi biya, aka kai su gidan yarin mata na Omdurman. Safiya ta bar ƙasar.

Gidan yarin nan dai shi ya karɓi Lubna Hussein a 2009, ita kuma laifinta sanya wando. Ashe shari'a na da ƙafar gudu idan ta ga dama.

Ban ce kowace jita-jita gaskiya ba ce. Na san tana cin mutuncin marar laifi, kuma mata ta fi ci. Amma wanda ya ɗaure mai tambaya shi ya hana a wanke marar laifin. Mai shayin da ta ga abin da ya sami Fatima, kuna so ta ɗauki hujjarta ta kai wa wa?